Bambanci Tsakanin Babban Mabuɗi da Keɓaɓɓen Mabuɗi a Rumbun Bayanai: Misali Daga Taskace Kalmomi da Littattafan Hausa

Tun daga shekarar 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin ajiye bayanai cikin jadawaloli masu alaƙa da juna, ake ɗora rumbunan bayanai a kan ƙa'ida guda: dole kowane layi na jadawali ya zama yana da abin da ya bambanta shi da sauran. Mabuɗai biyu ne ke wannan aiki, kuma sau da yawa akan ɗauke su abu ɗaya saboda dukkansu suna hana maimaici.

Babban mabuɗi shi ne shaidar layi. Jadawali ba ya ɗaukar fiye da guda ɗaya, ba a barin gurbinsa fanko, kuma galibi da shi ne sauran jadawaloli ke nuni zuwa ga layin. Keɓaɓɓen mabuɗi kuwa mai gadi ne kawai. Ana iya sanya da yawa a jadawali ɗaya, kuma yana yarda a bar gurbi ba komai, abin da harshen SQL ke kira NULL.

Mai gina ƙamusun Hausa na kwamfuta zai iya jarabtuwa ya mayar da kalmar kanta babban mabuɗi. Wannan kuskure ne, domin daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "fari" na iya nufin launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko farko kamar a "ɗan fari". Da zarar an shigar da ta farko, rumbun zai ƙi sauran biyun. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba kowace kalma lamba wadda ba ta da ma'ana a karan kanta, sannan a ɗora keɓaɓɓen mabuɗi a kan haɗakar sigar kalma mai alamomin sauti da rukuninta na nahawu. Ko a nan ma akwai tarko: tsarin kwatanta haruffa da MySQL 8 ke zuwa da shi ba ya bambanta wasali mai alama da maras alama, saboda haka sai an sauya shi, in ba haka ba mabuɗin zai ɗauki kalmomi mabambanta a matsayin ɗaya.

Batun gurbi fanko ya fi fitowa fili a kundin littattafai. Lambar ISBN ba ta maimaituwa, amma ba kowane littafi ke da ita ba. Bugun farko na Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya riga ƙirƙiro lambar da shekaru masu yawa, haka kuma littattafan adabin kasuwar Kano da dama sun fito ba tare da ita ba, balle rubuce-rubucen ajami na hannu. Don haka ISBN ta cancanci zama keɓaɓɓen mabuɗi, ba babba ba. Sai dai manhajoji sun saɓa a nan. PostgreSQL da MySQL suna karɓar gurabe fanko komai yawansu, yayin da SQL Server ke karɓar guda ɗaya tak, sai ya ƙi littafi na biyu maras lamba, muddin ba a taƙaita sharaɗin ga littattafai masu lamba kaɗai ba.