Yadda ake farautar jinkiri a cikin babbar manhaja

Ƙararrawar takan kaɗa ne a wayar injiniyan da ke bakin aiki, sau da yawa da tsakar dare. Manhajar ba ta faɗi ba, nauyi kawai ta yi: mutane na danna maɓallin biya, zoben nan na kan allo yana ta juyi. Sai ya buɗe allon sa-ido ya duba abubuwa huɗun da littafin injiniyoyin Google na 2016 ya sa a gaba: tsawon jira, yawan masu shigowa, kurakurai, da cikar sabobi. Sannan tambaya ɗaya: wa ya taɓa wani abu yau? Littafin ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na katsewar aiki daga canjin da aka yi wa tsarin yake tasowa. In an saki sabon gyara da yamma, a mayar da na jiya, a koma barci.

Aiki sai ranar da ba wanda ya taɓa komai.

Sabon shiga zai ga matsakaicin jira bai motsa ba, ya ce lafiya lau. Tsohon hannu ba ya ko kallonsa. Buƙata ɗayan nan cikin ɗari da ta fi kowacce daɗewa yake nema. Jeff Dean da Luiz Barroso na Google sun yi lissafin a 2013: a ce sabar tana jinkirin daƙiƙa guda sau ɗaya cikin ɗari, shafi kuma sai ya ji daga sabobi 100 kafin ya buɗe, to kashi 63 cikin 100 na masu amfani za su sha jira. Kamar rakiyar amarya ne, ba a cewa an iso sai motar ƙarshe ta tsaya.

Daga nan sai bin sawu. Tun daga ƙofa ake liƙa wa buƙata lamba, duk sashen da ta ratsa ya rubuta lokacin shigarta da fitarta. Google ta bayyana nata tsarin, Dapper, a 2010. Twitter ta saki Zipkin, Uber ta saki Jaeger, yau kuma da yawa sun koma OpenTelemetry. A allo sawun yakan fito kamar sanduna a kwance, wata ƙarƙashin wata. Doguwar sanda ba ta da wuyar gani. Gwaninta tana wajen lura da giɓin da ke tsakanin sanduna biyu, inda babu mai aiki amma agogo na tafiya. Galibi layi buƙatar take bi don samun hanyar shiga rumbun bayanai, ko kuwa manhajar ta ɗan daskare tana share ma'adanarta.

Ga kuma tarko. Adana kowane sawu tsada ne, shi ya sa da farko Dapper ya riƙa ajiye ɗaya cikin 1,024 a wuraren cunkoso. Ke nan wanda ake nema wataƙila an zubar da shi tun kafin a san yana da amfani. Masu dabara sukan riƙe sawun har buƙata ta kammala, su zaɓi masu jinkiri da masu kuskure, su watsar da sauran.

Mai wannan farauta yawanci shi ya rubuta manhajar da hannunsa. Tun 2006 Werner Vogels na Amazon ya bayyana ƙa'idarsu cewa wanda ya gina shi zai yi jinya, kuma ba abin da ke gyara wa mutum rubutu kamar tashin ƙarfe uku na dare.

Wani lokacin ba a kama mai laifi ɗaya, sai a zagaye shi. In amsa ta ɗan makara, a tura buƙatar ga wata sabar, wadda ta riga amsawa a ɗauka, a soke ɗayar. A gwajin Google kan rumbun bayananta BigTable, jiran milisakan 10 kafin turawa ta biyu ya sauko da jinkirin ɗaya cikin dubu daga milisakan 1,800 zuwa 74, da ƙarin lodin kashi 2 kacal. Wanda ya cire wannan ɗan jiran kuwa ya ninka wa sabobinsa kaya.