DARASIN RANI: YADDA ZA KA MAI DA TSOHON ƘARFE WUƘA

'Yan'uwa manoma, an gama girbi, hannu ya sami sarari. A gidaje da yawa akwai magagarin da ya cinye, ko zarto mai karyayyun haƙora, yana kwance yana tsatsa. Ga shi kuwa kowace shekara muna kashe kuɗi wajen sayen wuƙar da ba ta daɗewa ta dakushe. Da tsohuwar zuma a ke magani. Wannan darasi zai nuna yadda za mu fid da wuƙa mai kaifi daga abin da mu ke zubarwa.

Wane ƙarfe ya dace?

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne sinadarin gawayi da ke cikinsa, wato kabon. Magagari mai kyau yana da kamar kashi 1 cikin 100, sifirin mota kuwa ya ɗara rabin haka kaɗan. Su biyun nan sun dace, haka ma tsohuwar adda. Rodin gini ba ya riƙe kaifi sosai. Kada ka sa bututun ruwa mai farin shafe ko kwanon rufi a wuta, gama hayaƙinsu guba ne.

Yadda a ke yi

1. Tausasawa. Sa ƙarfen a gawayi, na ƙirya ya fi, ka zuga har ya yi ja. Binne shi cikin toka ya kwana. Hucewa a hankali ita ke sa ya yi laushi.

2. Siffa. Zana wuƙar a kan ƙarfen, ruwanta inci 5, wajen ƙota inci 4. Yanke, ka goge bakin da wani magagari, amma ka bar masa kauri kamar milimita 1, don kada ya tsage nan gaba. Huda ramuka biyu na ƙota yanzu, domin in ya taurare ba ya hudawa.

3. Taurarawa. Mai da shi wuta. In zafi ya kai digiri 770, maganaɗisu ba ya kama ƙarfe. Da ka ga haka, ƙara zafi kaɗan, sa'an nan ka tsoma shi tsaye cikin man gyaɗa mai ɗumi. Ruwa yakan tsaga shi, baƙin man mota kuma hayaƙinsa yana cutarwa. In magagari ya zame a bakin bai ci ba, aiki ya yi.

4. Rage tauri. Yanzu wuƙar tana iya karyewa kamar kwalba. Goge ta ta yi haske, ka ɗumama bayanta sannu a kan garwashi har bakin ya yi launin busasshen kara, wajen digiri 220 ke nan, sai ka ɗauke. In bakin ya yi shuɗi, zafi ya wuce, sai a koma mataki na 3.

5. Ƙota. Sa busasshen icen ƙirya ko ƙaho, ka ɗaure da ƙusa biyu. Wasa a dutse, ka kai wa baduku ya ɗinka kube.

Gargaɗi

Yi aikin a fili, nesa da rumbu da danni. Zuba man a gwangwani mai murfi, in ya kama wuta ka rufe, kada ka watsa ruwa. Riƙe ƙarfe da awartaki, ka kāre idanunka, yara kuma su tsaya nesa.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ku roƙi maƙerin garinku ya zauna da ku a ranar farko, ku biya shi ladansa, gama idonsa ya san launin wuta fiye da takarda.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Waɗanne tsofaffin kayan aiki za mu iya tarawa kafin taro mai zuwa?
2. Me ya sa ba a tsallake mataki na 4?
3. Wa zai riƙe mana zugazugi da awartaki a gidansa?