Darasi na 14: Nauyin Mahayi da Iskar Keke

Akwai waɗansu 'yan'uwa biyu a Kware, wa da ƙane, kekensu ɗaya. Ƙanen siriri ne, wan kuwa ƙato. Ran nan wan ya shirya zuwa Sakkwato ziyarar Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke, wanda ya rasu a 1817. Ya ɗaure buhun albasa a bayan keke, don in ya gama ziyara ya kai kasuwa.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ka ƙara iska." Wan ya ce, "Ba jiya ka hau shi lafiya lau ba?" Ya hau ya tafi. Ya kusa gari ke nan sai ya taka dutse, tayar baya ta sace. Ya tura keke cikin rana har Hubbare.

Mai faci ya zaro tiyub, ya nuna masa huda biyu dab da juna, kamar saran maciji. Ya ce, "Malam, ba ƙaya ba ce. Iskarka ce ba ta kai nauyinka ba."

Gaskiyar mai faci. Iska ce ke ɗauke da mahayi, ba roba ba. Don haka ne wani likitan dabbobi, John Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1888. In nauyi ya yi yawa, iska kuwa kaɗan, taya ta kan baje. Da ta hau dutse sai ƙarfen ƙafar keke ya datse tiyub. Tuƙi kuma ya kan yi wuya, taya ta ci da wuri. Iskar da ta ishe siriri ba ta isar ƙato da buhu.

Amma kada a wuce kima. In iska ta yi yawa, keke ya kan yi ta tsalle, ya zame a kan tsakuwa. Zafi kuma ya kan sa iska ta kumbura. Kun dai san ranar Sakkwato da bazara.

Ga abin da za ku riƙe:

1. Mai nauyi ya ƙara iska, mara nauyi ya rage.
2. Tayar baya ta fi ɗaukar nauyi, sai a fi ba ta iska.
3. Ka hau tare da kayanka, wani ya duba. Taya ta ɗan baje kaɗan kawai.
4. Akwai lamba a gefen taya mai nuna iyakar iska. Kada a wuce ta. Wanda ya iya karatu shi zai gane ta.
5. Ajiye keke a inuwa.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya huda tiyub ɗin wan?
2. Wace taya ce ta fi son iska? Don me?
3. Rubuta: keke, taya, iska, nauyi.