Taya Marar Iska: Nazarin Tsarinta, Alfanunta da Naƙasunta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi fasahar taya marar iska, wadda manyan kamfanonin ƙera tayoyi suka daɗe suna ƙoƙarin shigar da ita kasuwar motoci. An waiwayi tarihinta, an fayyace yadda take ɗaukar nauyi, sannan aka auna alfanunta da naƙasunta. Maƙalar ta tsaya a kan cewa wannan taya tana cin nasara ne inda gudu ba shi da yawa kuma faci ke jawo babbar asara, amma tana gazawa inda ake buƙatar dogon gudu da sauya taurin taya.

1.0 Gabatarwa

Hausa ta ari kalmar "taya" daga Ingilishi, ta kuma gina mata maganganu na yau da kullum: taya ta sace, ta yi faci, ta fashe, an buga mata iska. Dukkansu sun ginu a kan fahimtar cewa taya jaka ce ta roba da aka cika da iska. Taya marar iska ta saɓa wa wannan fahimta, domin ba ta sacewa, ba ta kuma fashewa. Abin tambaya shi ne: me ya sa abin da ya kawar da babbar matsalar direba bai mamaye hanyoyi ba?

2.0 Waiwaye a kan Tarihi

Taya marar iska ta girmi mai iska, domin kekuna da amalanken ƙarni na 19 sun yi amfani da dunƙulalliyar roba. Robert William Thomson, mutumin Sukotilan, ya yi rajistar taya mai iska a 1845, sai dai ba ta karɓu ba sai bayan da John Boyd Dunlop ya sake ƙirƙiro ta a Belfast a 1888. Laushinta da rashin nauyinta suka sa ta ture dunƙulalliyar roba, wadda ta koma ga motocin ɗaga kaya a masana'antu.

Tafiya duniyar wata ta sake farfaɗo da batun. Motar da 'yan sama-jannatin Apollo 15 suka tuƙa a 1971 tana da ƙafafu na saƙaƙƙiyar wayar ƙarfe, saboda roba ba ta jure tsananin zafi da sanyin wurin. A doron ƙasa kuwa, kamfanin Michelin na Faransa ya gabatar da Tweel a 2005, Bridgestone na Japan ya nuna samfurinsa a baje-kolin motoci na Tokyo a 2011. A 2019 Michelin da General Motors suka bayyana Uptis, wadda aka tsara domin ƙananan motoci, da fatan fara sayar da ita a 2024. Shekarar ta wuce ba tare da ta shiga hannun jama'a ba, ko da yake an gwada ta a motocin raba saƙonni na DHL a Singafo da na hukumar gidan waya ta Faransa tun daga 2023.

3.0 Yadda Take Ɗaukar Nauyi

Taya marar iska ta zamani tana da sassa uku: cibiya ta ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin mota, da haƙarƙari masu lanƙwasuwa da suka fito daga cibiyar, da kuma zobe mai ƙarfi a waje wanda ke ɗauke da fuskar da ke taka ƙasa. A Uptis, an yi haƙarƙarin da roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi.

Bambancinta da dunƙulalliyar roba yana cikin hanyar da nauyi ke bi. A dunƙulalliyar roba, ɓangaren da ke tsakanin cibiya da ƙasa shi kaɗai ke danƙaruwa, shi ya sa take da tauri. A sabon tsarin kuwa, cibiyar tana rataye ne daga saman zoben: haƙarƙarin sama suna miƙewa su riƙe nauyin, na ƙasa kuma suna lanƙwashewa su bar tayar ta kwanta a kan hanya. Wannan kwaikwayo ne na abin da iska ke yi, domin matsinta ne ke ɗame zaruruwan jikin taya har su iya riƙe mota.

4.0 Alfanu

Na farko, ƙusa ko tsinin ƙarfe ba ya tsayar da ita, kuma ba ta yin fashewar ba-zata da kan sa mota ta ƙwace wa direba. Na biyu, ba ta buƙatar awon iska. Taya mai ƙarancin iska tana saurin suɗewa ta gefe, tana ƙara shan mai, tana kuma ɗaukar zafi. Duk wannan ba ya tasowa. Na uku, mota na iya rabuwa da safaya da jak. Na huɗu shi ne rage shara: a ƙiyasin Michelin, kimanin tayoyi miliyan 200 ake jefarwa duk shekara kafin su ƙare, saboda huji ko lalacewar hanya ko rashin daidaiton iska.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Tweel ta sami kasuwa a injinan yankan ciyawa da ƙananan motocin kwasar ƙasa a wuraren gini. Suna tafiya a hankali cikin tarkace, kuma duk sa'ar da faci ya tsayar da su asarar kuɗi ce ga mai aiki.

5.0 Naƙasu

Babban naƙasu shi ne zafi. Duk lokacin da roba ta lanƙwashe ta miƙe, wani kaso na ƙarfin yakan koma zafi. Tayar ƙaramar mota, mai kewayen kusan mita 2, tana juyawa kamar sau 14 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100 a sa'a. Iska tana matsuwa ta saki ba tare da gajiya ba, amma haƙarƙari na ɗumama, suna kuma raunana da yawan lanƙwasa. Wannan ƙarfi da ke salwanta yana iya ƙara shan mai ko rage zangon batirin mota mai lantarki.

Na biyu, nauyi da jijjiga. Kayan da suka maye gurbin iska sun fi ta nauyi, kuma ƙara da girgiza sun addabi samfuran farko a babban gudu. Haka nan, da yake gefenta a buɗe yake, laka ko tsakuwa na iya maƙalewa a ciki su ɓata daidaiton juyawa.

Na uku, taurinta ba ya sauyuwa. Direba kan ƙara iska idan ya yi lodi, ya rage idan zai shiga rairayi domin tayar ta baje kada ta nutse, kamar yadda masu ratsa Sahara daga Agadas suke yi. Taya marar iska tana nan yadda masana'anta ta ƙera ta.

Na huɗu, tsada da gyara. Ana ƙera ta haɗe da cibiyarta, don haka ba a ɗora ta a kan wilin da mota ta zo da shi. Mai faci na bakin hanya yana farfaɗo da taya mai iska da kuɗi kaɗan, amma karyayyen haƙarƙari ya fi ƙarfin kayan aikinsa. Ƙari a kan haka, ƙa'idojin ingancin tayoyin mota an rubuta su ne bisa taya mai iska, sai an sabunta su kafin a amince da sabuwar a manyan hanyoyi.

6.0 Kammalawa

Iska tana yi wa taya ayyuka huɗu lokaci guda: ɗaukar nauyi, shanye gargadar hanya, rage nauyin tayar, da ba da damar sauya tauri. Aibinta ɗaya shi ne tserewa. Taya marar iska ta magance wannan aibi, amma sai da ta sadaukar da wani ɓangare na sauran ayyukan. Saboda haka, inda za ta fara samun gindin zama shi ne motocin aiki masu matsakaicin gudu, kamar na raba kaya a birane da marasa direba, waɗanda babu mai sauka ya canja musu taya. Isarta ga motocin dogon zango ya rataya ne a kan samun kayan ƙira masu jure lanƙwasa ba tare da tara zafi ba, a kan farashin da mai mota zai iya biya.