A-Kori-Kura Mai Lantarki Da Gardamar Da Ta Tayar

Manomi ko ɗan kasuwa in zai sayi a-kori-kura, ya kan fara ƙwanƙwasa jikinta ne ya ji kaurin ƙarfen. To, akwai wata mota a Amurka wadda ta nuna wannan gwaji bai isa ba.

Sunanta Cybertruck, kamfanin Tesla na Elon Musk ke ƙera ta a jihar Texas. Ba ta shan fetur, batir ne ke tafiyar da ita. Ran da a ka fara nuna ta a 2019, an jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a gwada wa jama'a ƙarfinsa, sai ya tsage a gabansu. Masu saye su ka fara karɓa cikin Nuwamba 2023. Tana ɗaukar kaya wajen kilo 1,100, watau kamar buhun masara 11, tana kuma jan kusan tan 5.

Jikinta farin ƙarfe ne marar tsatsa, shafaffe, mai kusurwoyi kamar an yanka kwano. Waɗansu na sha'awarta, waɗansu na yi mata dariya. Wannan duk ra'ayi ne. Inda magana ta ke shi ne taurin jikin. Da gangan a ke yin gaban mota ya riƙa lotsewa in an yi karo, don ƙarfen ya shanye bugun kafin ya kai ga mutum. Wanda ya taɓa faɗowa kan tarin harawa, ya kuma faɗo kan daɓe, ya san bambancin. Ita wannan mota nauyinta wajen tan 3 ne, ga sauri: mafi ƙarfinsu ta kan kai mil 60 a awa kafin daƙiƙa 3 ta cika. Kuma ba ta da rugugin inji da zai sa mai tafiya ƙasa ko dabba su kauce.

Gaskiya ne, hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta gwada ta a 2025, ta ba ta tauraro 5. Amma wannan shaida ta na cikin motar ce, ba ta wanda a ka banke ba. Abin da ke damun masana a Turai ke nan. A Ingila 'yan sandan Manchester sun kama guda cikin Janairu 2025, don ba ta da iznin hawa titinsu.

Sa'an nan ga kurakuran ƙira. Cikin Afrilu 2024 an kira motoci 3,878 a gyara, domin murfin totur na iya zamewa ya maƙale, mota ta yi ta gudu. Cikin Maris 2025 kuma a ka kira 46,096, saboda wani sillen ƙarfe da a ka manna a gefen gilashin gaba yana iya ɓallewa ya faɗa kan na baya. Kamfanin ya yi gyaran duka biyu kyauta.