Filin Manoma: Masu Binciken Noma Da Hanyar Shiga Aikinsu

A ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, in yaro ya gama sakandare ya ce wa mahaifinsa ilmin aikin gona zai karanta a jami'a, sau da yawa amsar da yakan samu ita ce, "Noma? To, ga gona can, ga hauya, me zai kai ka jami'a?" Uban ba shi da laifi. Ya san likita yana da asibiti, alƙali yana da kotu, amma mai digirin noma bai ga inda yake zama ba. Darasin wannan mako domin irin wannan uba ne da ɗansa. Zai bayyana aikin da ake kira binciken noma, da abin da masu shi ke yi, da tsawon hanyar da ake bi kafin a kai gare shi.

Da fari sai a bambanta mutum biyu. Akwai malamin gona, wanda kowa ya sani, shi ne mai zuwa ƙauye ya nuna yadda ake sa taki da feshi. Akwai kuma mai bincike, wanda manomi bai cika ganinsa ba. Abin da malamin gona ya kawo, daga wurin mai bincike ya fito. Geron nan Sosat a ƙasar Mali aka haɗa shi, sa'an nan Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta gwada shi, aka fitar da shi ga manoman Nijeriya a shekarar 2000. Shinkafar nan Faro 44, wadda waɗansu ke kira Sipi, da ta cika fadamun Kabi da Sakkwato, ta hannun cibiyar Badeggi ta biyo. Duk irin da aka ga sunansa ya fara da "Sam", kamar Samnut na gyaɗa ko Sampea na wake ko Samsorg na dawa, to, daga Samaru ta Zariya yake. A 1922 aka fara binciken noma na Lardunan Arewa, a 1962 kuma aka haɗa cibiyar Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello.

Yadda ake gwaji

Manomi yakan ce iri kaza ya fi iri kaza, domin bana ya shuka shi ya sami alheri. Mai bincike ba ya yarda da wannan tukuna. Yakan tambaya, shin irin ne ya yi kyau, ko kuwa inda aka shuka shi tsohon makwancin shanu ne? Ko ruwa ne ya yi daidai bana? Aikinsa duka shi ne ya raba waɗannan abubuwa, har ya san wanne ne ya kawo amfanin.

Ga misali. A ce yana so ya gwada gero iri biyar. Ba zai raba gona biyar ya ba kowane iri kashi ɗaya ba. Sai ya yanka ta gida huɗu, kowane gida ya yanka shi fangali biyar masu girma ɗaya, watau fangali 20 ke nan. Kowane iri zai fito sau ɗaya a kowane gida, amma da ƙuri'a ake zaɓa masa wuri, don kada son zuciya ya ba wani iri wuri mai kyau. Ɗaya daga cikin biyar ɗin lalle ya zama geron da mutanen wurin suka saba shukawa, gama shi ne ma'auni. Rana ɗaya za a shuka, taki ɗaya, noma ɗaya. In an zo girbi a bar layukan gefe, na tsakiya kaɗai za a auna, domin na gefe sun fi samun iska da rana. Bayan wannan sai lissafi, wanda zai nuna ko bambancin da aka gani na gaske ne ko dace ne kawai.

To, a nan wuyar aikin take. Damina ɗaya amsa ɗaya take bayarwa. In tsuntsaye sun cinye fangali uku, ko dabbobi sun yi ɓarna, ko mai awo ya haɗa buhun wannan da na wancan, shekara ta tafi ke nan, sai baɗi. Wanda kuma ke haɗa sabon iri, tasa ta fi tsawo. Zai ɗauki garin furen wani tsiro ya sa wa wani. 'Ya'yan farko su fito kama ɗaya, jikoki kuwa su watse, wani dogo, wani gajere, wani mai jure cuta, wani rago. Sai ya yi ta zaɓe yana sake shukawa, sau shida ko bakwai, kafin irin ya tsaya a kama ɗaya. Daga nan a gwada shi a gonar cibiya, a gwada a wurare dabam-dabam, a gwada a gonakin manoma, kana a kai shi gaban kwamitin ƙasa mai ba da izinin fitar da iri. Shekara goma ba abin mamaki ba ce. Noman rani a tashoshin Kadawa da Talatar Mafara yakan rage tsawon, tun da ana samun shuka biyu a shekara.

Labarin gyaɗa ya isa misali. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonakin gyaɗa a Arewa, ta taimaka wajen rushewar dalar gyaɗa ta Kano. A lokacin akwai gyaɗa mai jure cutar, amma mai daɗewa ce ƙwarai kafin ta nuna, ba ta dace da ƙasa mai gajeriyar damina ba. Abin da ake nema shi ne a haɗa jurewa da saurin nuna a iri ɗaya. Sai a 2001 aka fitar da Samnut 21 da 22 da 23, a 2011 kuma Samnut 24 mai nuna cikin kamar wata uku. Waɗansu da suka fara aikin sun yi ritaya ba su ga ƙarshensa ba. Haka waken nan Sampea 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanso, wanda Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ya shugabanci aikinsa a Samaru: kusan shekara goma ana gwaji kafin a ba da izininsa a watan Disamba na 2019.

Abin da manomi ya koya wa masana

Kada ɗan manomi ya ɗauka abin da ya taso da shi ba ilmi ba ne. A da, Turawan gona sun daɗe suna horon manoman Arewa su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai kowane amfani a ba shi gonarsa. Manoma suka ji, suka ƙi. Aka ce taurin kai ne. Sai wani Bature masanin tattalin arziki, David Norman, wanda ya zauna Samaru daga 1965 zuwa 1976, ya ce bari a auna a gani. Ya sa ma'aikata a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa na ƙasar Zazzau, suna bin magidanta sau biyu a mako shekara guda, suna rubuta wanda ya yi aiki, da awa nawa, da abin da aka girbe. Aka yi irin wannan a Takatuku da Ƙaurar Kimba da Gidan Karma na ƙasar Sakkwato. Da aka yi lissafi, ashe manoma ke da gaskiya. Haɗin shuka ya fi biyan wahalar mutum a lokacin noman fari da maimai, sa'ad da hannu ke ƙaranci, ya kuma fi tsare gida daga yunwa in ɗaya ya ƙi. Tun daga nan aka shiga gwada iri a cikin haɗi yadda manomi ke yi. Abin da ya ci wa masana shekaru da takardu, yaron da ya tashi a Dogon Daji ko Jabo ya san shi tun yana kai wa ubansa fura gona.

Tambayoyin da ke jira a Tambuwal da Kebbe

Amsar da aka samu a Samaru ba lalle ta yi daidai a ko'ina ba. Ruwan Samaru yakan kai inci 40 a shekara, na birnin Sakkwato kuwa yawanci ba ya kai 30, Tambuwal da Kebbe suna tsakani. Ƙasar tudu a can jigawa ce mai saurin shanye ruwa, ga kuma fadamar Gulbin Zamfara wajen Kuchi mai nata hali dabam. Saboda haka akwai tambayoyin da sai a wurin za a amsa su.

Babba a cikinsu ƙuduji ne, watau wuta-wuta. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya yakan zubar da dubbai, tana kuma iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. Da ta ji sai ta tsira ta maƙale wa saiwar tana tsotsa, kafin a ga furenta a sama ta riga ta yi yawancin ɓarnarta. Masu bincike ne suka gano haka, suka kuma gano auduga da waken suya suna yaudarar ƙwayar ta tsira ba ta sami abin kamawa ba, ta mutu. Wani ɗan ƙauye daga Habasha, Gebisa Ejeta, ya haɗa dawa mai jure ƙuduji, aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. Gero kuwa har yanzu yana jiran nasa gwanin.

Akwai batun albasa, wadda maƙwabta mutanen Aliero suka yi suna a kanta, da yadda take ruɓewa a rudu kafin ta yi kuɗi. Akwai shinkafar da za ta jure kwanaki ƙarƙashin ambaliya. Akwai jar akuyar Sakkwato da shanu Bokoloji. Akwai kuma abinci kansa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya kamaci shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A 2018 ɗin ne aka fitar da geron Chakti a Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Wannan fanni yana bukatar 'yan mata ainun, gama mace ke iya shiga gidan da aka ce ba a shiga, ta ga abin da aka dama wa yaro da idonta.

Matakan hanya

Yaro yana bukatar kiredit biyar, har da Ingilishi da lissafi da kemistiri da bayoloji ko ilmin aikin gona, sa'an nan jarrabawar JAMB. A lura da lissafi, don shi ke kayar da da yawa a gaba. Digirin farko na noma shekara biyar ne, ta huɗu yawancinta a gona ake yin ta. Na likitan dabbobi shida. Ba sai an yi nisa ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da gonar gwaji ta tudu a Dundaye da ta fadama a Kwalkwalawa. Ga jami'ar Aliero ta 2006, ga jami'ar aikin gona ta Zuru, ga kwalejin Wurno ga mai son farawa da difloma.

Bayan hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, sai digiri na biyu, kamar shekara biyu. A nan ne ɗalibi ke fara gwaji na kansa ƙarƙashin wani malami, kuma zaɓen malamin nan ya fi zaɓen jami'a muhimmanci, don a hannunsa ake koyon aikin kamar yadda ake koyon ƙira a maƙera. Digiri na uku shekara uku ne ko huɗu, yakan ma wuce. Cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, da aka buɗe a 2012, don irin wannan karatu aka yi ta. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan 18, in komai ya tafi daidai, zai kai 30 kafin a kira shi Dakta. Daga nan ƙarin girma, tun daga ƙaramin malami har Farfesa, da rubutu ake samunsa: ya rubuta abin da ya gano, a aika wa waɗansu masana da bai san ko su wane ne ba su duba, in sun ga rami su mayar masa.

Ba kuwa za a ɓoye wahalar ba. Albashin farko kaɗan ne, abokan yaro da suka shiga kasuwa za su riga shi gina gida. Kuɗin bincike sai an nema da takarda, a wurin asusun TETFund ko cibiyoyi irin su IITA ta Ibadan da ICRISAT, a samu ko a rasa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, ya haɗiye damina guda ta ɗaliban da gwajinsu ke jiran shuka. Rashin tsaro kuma ya sa akwai ƙauyukan da baƙo ba ya iya kai gwaji, sai ɗan gari.

Uban da ke so ya san ko ɗansa zai iya, yana da hanyar gwada shi da damina mai zuwa. Ya yanka masa fangali takwas masu girma ɗaya a gefen gona, ya ba shi gero iri biyu, kowanne fangali huɗu a warwatse, da littafin rubutu. Yaron ya rubuta ranar shuka, da ranar kowane ruwa, da ranar fitar kai, ya ƙirga ƙudujin kowane fangali ya cire shi kafin ya yi fure. A sussuke na kowane fangali dabam, a auna da tiya ɗaya. Baɗi a sake, amma a sauya wa kowane iri wuri.