Gyaran Tsohon Ɗakin Ajiya Ba Tare da Cin Bashi Ba

Da zarar hadarin farko ya taso a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, wayoyinmu mu magina da kafintoci ba sa hutawa. Iska ta yaye kwano, bango ya zube, buhunan masara sun jiƙe. Yawancin kiran kuwa a kan ɗan ɗakin nan ne na bayan gida ko na bakin lambu, inda ake zuba fartanya da garma, injin ban-ruwa, buhun taki, dusar awaki da duk tarkacen da aka rasa inda za a kai. Ba mai leƙa shi da idon basira sai ranar da ya faɗi, alhali sau da yawa dukiyar da ke ciki ta fi kuɗin gina shi.

Na daɗe ina wannan sana'a a Kano da ƙauyukan kewaye, kuma abin da nake so masu gida su sani shi ne, mafi yawan irin waɗannan ɗakuna ba sa bukatar a rushe su. Babban ɓangaren gyaransu magidanci zai iya yi da hannunsa, shi da samarin gidansa, muddin ya san da me zai fara. Inda kuɗi ke salwanta shi ne fara aiki ta baya. Mutum ya ga bango ya yi muni, sai ya sayi siminti da fenti, ya bar ruwa yana zuba ta sama yana kwanciya a gindi. Damina ɗaya ta isa ta cinye abin da ya kashe. Ruwa ne ke kashe ɗaki a ƙasar nan, gara tana biye da shi, don haka da su ake farawa, kuma da rani ake yi, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da komai ya bushe kuma ma'aikata ba su yi tsada ba.

Mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. Ɗakin da rufinsa ya kai mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo, in aka yi ruwa mai milimita 50, irin wanda kan sauka cikin dare guda a watan Agusta, lita 600 ce za ta gangaro daga kansa. Durom uku ke nan cike. In bakin kwanon gajere ne, duk ruwan nan a gindin bango zai sauka.

Duba rufi ba ya bukatar ko kwabo. Ka shiga ɗakin da tsakar rana, ka ja ƙofa, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa ke bi. Ka ɗauki tsinken tsintsiya ka soka a kowace huda, yadda in ka hau sama za ka gan su a tsaitsaye ba sai ka yi ta lalube ba. Ƙaramar huda, a kankare tsatsar da ke kewaye da ita, a shafa narkakkiyar kwalta, a ɗora ƙyalle, a sake shafawa. Ƙusar da ta yi lako-lako kada a mayar da ita yadda take; a cire, a sa wadda ta fi ta tsawo, a yanko ɗan tsohon tiyub na taya a sa ƙarƙashin hularta. Kuma a kan tudun kwano ake kafa ƙusa, ba a cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. Na sha hawa rufin da kowace ƙusa tana cikin kwari, mai gida yana ta zagin kwanon, alhali kwanon lafiyarsa ƙalau.

Inda kwano biyu suka haɗu a tsawo, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla inci 6. A gefe kuma ya hau da tudu ɗaya da rabi ko biyu. Bakin rufin ya zarce bango da ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan zarcewar ce masu son rage kuɗi ke fara yankewa, kuma ita ce ta fi komai amfani.

Ba dole ne a sayi bandir guda mai falle 20 ba don falle huɗu ko biyar sun lalace. Ana sayarwa ɗai-ɗai, kuma a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa ana samun tsohon kwano da aka cire daga wasu gine-gine. A ganina tsohon kwano mai kauri ya fi sabo mai araha wanda yatsa ke lanƙwasawa. Ka ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa, ka ƙwanƙwasa inda ya yi ja. In tsatsar ta tsaya a fuska, ka saya. In tana zubowa ɓawo-ɓawo, ka bar musu.

Sai maganar duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan rufi don kada iska ta ɗauke shi. Ina roƙon jama'a su daina. Suna tara ƙura da danshi, kwanon ya ruɓe a ƙarƙashinsu, kuma ranar da iska ta fi ƙarfinsu a tsakar gida za su sauka, inda yara ke wasa. Iska ta gefe take shiga ta ɗaga rufi gaba ɗaya tare da katakonsa. Maganinta a ɗaure kowane rafta da bango da langa-langa ko waya mai kauri, a huda bangon kamar layin bulo uku daga sama a zura a ɗaure tamau. Aikin yini ɗaya ne.

Gindin bango shi ne inda na fi ganin asara, musamman a ginin ƙasa. Wata dattijuwa a cikin birni ta aiko jikanta ya kira ni in duba ɗakin da take ajiye gero da kayan ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Ɗana, bara yaran nan suka haɗa kuɗi suka shafe mini shi da siminti, ga shi yana ta ɓamɓarewa. Ko simintin ne na jabu?" Na ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma, yana amsawa kamar ganga. Na zura cokalin gini ta wata tsaga na ɗan taɓa, sai falle guda ya faɗo. Bayansa ƙasar a jiƙe take sharkaf tsakiyar rani, ta yi laushi har yatsa na nutsewa, ga hanyoyin gara sun bi ta ko'ina. Na ce, "Hajiya, simintin ba shi da laifi. Ƙasa ce ba ta zama da shi."

Dalili kuwa, bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana ɗan kumbura da damina ya koma da rani. Siminti ba ya motsi tare da shi. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon ta ciki, daga waje kuma ana ganin komai sumul. Magabatanmu da suka gina Gidan Makama da ganuwar Kano da ƙasa suke gyara ƙasa. Yaɓe suke yi kafin damina, masu hali su bi da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, gashin majema da dafara. Laso ya yi wuya yanzu, amma yaɓe bai fi ƙarfin kowa ba. A samo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin shanu ko na jaki, a tattake sosai, a rufe a bar ta ta kwana biyu ko uku tana tsima. A kankare duk abin da ya yi laushi a jikin bangon, a yayyafa ruwa, sannan a riƙa jefa ƙasar da ƙarfi ana dannawa da tafin hannu. Kada kaurin ya wuce yatsa biyu a lokaci guda. A bari ya sha iska kafin a ƙara. Inda ya zaizaye ya yi kogo, a cike da tubali ko gutsattsarin dutse tukuna.

In ana son a kashe kuɗin siminti, ga inda ya dace: a yi ɗan dakali kewaye da ɗakin, mai gangara zuwa waje, don ruwan da ya sauko ya gudu. Wanda ba shi da hali ya zuba birji da tsakuwa ya daɓe, ya haƙa 'yar kwata ta janye ruwan nesa. Yaɓe da dakalin muka yi wa Hajiya, da ƙasar da aka ɗebo da kura da buhun siminti ɗaya.

Ginin bulo shi ma yana tsagewa, sai dai ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Ka liƙa ɗan kwaɓin siminti a kanta wuri biyu ko uku, ka bar shi wata guda. In bai dare ba, tsagar ta tsaya, sai a faɗaɗa bakinta kaɗan, a wanke, a cike. In ya dare, ƙasan ginin ne ke motsi, sai a nemi sanadi: saiwar bishiya, famfon da ke yoyo, ko masai da aka haƙa kusa. Wajen kwaɓin shafe, buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, a ba shi kwano 12 na yashi mai kyau. Yashin da ka damƙa ya bar maka jan tabo a hannu akwai ƙasa a ciki. Simintin da ya fara dunƙulewa ya sha sanyi, ko an rage maka kuɗi kada ka ɗauka. Bayan an shafe, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan ban-ruwan kyauta ne, amma shi aka fi yi wa ƙiwa, sai a wayi gari shafen yana zuba in an goga.

Katako kuma, kada ka yarda da fuskarsa. Gara tana cinye ciki ta bar ɓawo. Ka bi kowane rafta da ginshiƙi da sukuddireba kana sokawa, musamman inda ya shiga bango da inda ya taɓa ƙasa. In ruɓewar a baki ɗaya take, ba sai an canza shi duka ba: a yanke wurin, a sa sabon guntu, a dafa masa wasu biyu dama da hagu masu tsawon ƙafa biyu ko uku, a kafe. Gara daga ƙasa take tasowa ta cikin hanyar da take ginawa da laka, saboda haka ginshiƙin rumfa bai kamata ya zauna cikin ƙasa kai tsaye ba. A ɗora shi kan ɗan tudun kankare da ƙarfe a tsakiya, yadda in ta fara hawa ido zai gani a karya hanyar. A 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ka nemi busasshe mai nauyi, ka guji fari mai laushi don araharsa. A ƙauye kuwa, in ana samun ƙirya ko azarar giginya, ban san abin da ya fi su jure gara ba, illa dai azara ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da tokari ba.

Mutane da yawa na shafa baƙin mai na mota a katako. Yana ɗan taimakawa, amma guba ne. Kada a shafa shi a ɗakin da ake ajiye hatsi, kada kuma a zuba shi a ƙasa kusa da rijiya ko kwamin kayan miya. Akwai maganin katako da ake sayarwa a gwangwani; a shafa shi a waje, a bari ya bushe kafin a ɗora.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ƙofar da ke jan ƙasa galibi hinjinta ne ya saki, ko kuma tana son katako ɗaya a gicciye daga ƙasan ɓangaren hinji zuwa saman ɗaya ɓangaren. A buɗe 'yar taga sama a bango biyu masu fuskantar juna, a sa raga saboda ɓera. Buhu kada ya zauna a daɓe ko ya jingina da bango, a jera bulo a ɗora katako. Takin zamani yana jawo danshi yana cin ƙarfe, a raba shi da injin da fartanya. Fetur da maganin feshi kuma ba su da wurin zama tare da abinci.

Akwai abin da ba na so kowa ya yi shi kaɗai don neman sauƙi. In za a hau rufi, a hau da safe kafin iska ta tashi da kwano ya yi zafi, a shimfiɗa katako a taka, wani ya riƙe tsani, a kuma ɗaga kai a dubi wayar lantarki kafin a ɗaga fallen kwano. A sa takalmi mai rufi. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka ya wanke ya tafi asibiti a yi masa allurar tetanus ranar nan, kada a tsaya ɗiga man birki. In kuma rufin ko silin ɗin irin na asbestos ne, mai ruwan toka da ake gani a tsofaffin gidajen ma'aikata, kada a yanka shi da zarto, kada a farfasa, kada a share ƙurarsa a bushe. Ƙurar tana haddasa ciwon daji na huhu wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. In bai fashe ba, barinsa a inda yake ya fi. In dole ne a cire, a jiƙa shi, a rufe hanci da baki, a sauke shi falle-falle.

Bangon da ya karkata shi ne babban haɗari, domin ba ya sallama kafin ya faɗi, kuma cikin dare ake yawan rasa rayuka da shi. Ka ɗaura dutse a zare, ka riƙe daga saman bangon ka sake shi. In tazarar da ke tsakanin sama da gindi ta kai faɗin tafin hannu, ko bangon ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa har hannu na shiga, yaɓe ba zai cece shi ba. A kwashe kaya, a hana yara da dabbobi raɓar wurin, a tokare shi ta ɓangaren da ya nufa, a kira magini. Za a sauke rufin tukuna, sannan a bi bangon daga sama zuwa ƙasa, ba a tura shi ba, ba a kuma sare gindinsa. Ƙasar da aka sauke kada a biya a kwashe ta; a dandaƙe, a jiƙa, a ƙara ciyawa, da ita za a buga tubalin sabon bangon, kuma ƙofa da kwano da duk katakon da sukuddireba bai shiga ba su koma inda suka fito.